Allon da Malam Sale Ya Kulle

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyenmu, kusa da Burumburum, ya san Malam Sale. Shekara ashirin da biyu yana hedimasta, ko alli ɗaya bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Ɗan manomi ne, ya tashi a gidan da ba a barin ko ƙwayar dawa a ƙasa, haka kuma ya riƙe makaranta.

Wata shekara wata ƙungiya ta kawo wa makarantar allo mai aiki da hasken rana. Da yatsa ake rubutu a kansa, yana ƙara wa harafi girma har ya kai tafin hannu, kuma yana karanta abin da aka rubuta da murya. Baƙin da suka zo da shi sun ce domin yara masu larurar gani ko ji aka kawo shi. Ranar da aka gwada, Husna, wata 'yar aji huɗu da ba ta gani sai dishi-dishi, ta matso ta karanta jimla guda da kanta. Ajin ya kaure da tafi.

Baƙin na tafiya Malam Sale ya sa aka sauke allon, aka mayar da shi kwali, aka kai sito.

Malama Asma'u, malamar ajin, ta same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, a bar mana shi ko da sau biyu ne a mako."

"Malama, tagogin ajin nan ba su da marfi. In aka fasa shi, wa za a tambaya? Bari a gyara tukuna."

Ba a gyara ba. Husna ta ci gaba da zama a bencin gaba, tana kusan manna fuska a allon bango. Kafin ƙarshen aji biyar ta daina zuwa.

Bayan shekara huɗu, da zai miƙa makarantar ga wanda zai gaje shi, aka buɗe kwalin. Rufin sito ya yi yoyo a kansa, ɓera ya cinye wayoyin. Mai gyara daga Tudun Wada ya ce ba ya tashi.

Malam Sale ya je gidansu Husna da ƙafarsa. Mahaifinta ya kira ta zaure, hannunta duk ɓawon gyaɗa. Da jin muryar Malam Sale ta durƙusa ta gaishe shi.

"Husna, ki yafe mini. Ni na hana ki karatu."

"Haba Baba Malam," ta ce, "ai idona ne."

Daga baya ya gaya wa Malama Asma'u cewa da yarinyar ta faɗa masa baƙar magana, da ya fi samun sauƙi.

Da kaka ta yi, ya saya mata waya mai karanta rubutu da murya. Kowace Asabar yana zuwa zauren nan ya yi mata darasi, mahaifinta na gefe yana saƙar tabarma. Yanzu tana iya tura saƙo da kanta. Ya yi mata maganar komawa aji sau biyu, ta ce ta yi girma da zama cikin yara. Bai sake tayar da zancen ba.