Ranar da Na Rantse a Madadin Kyamara

Shekarun baya, tun garinmu na zaune lafiya, na taɓa yin wata rantsuwa a ƙofar masallaci wadda ta hana ni jin daɗin abinci har kwana tara. Yau na tuna da ita ina dariya, shi ya sa na ce bari in ba ku labari, amma a lokacin ko murmushi ban iya yi ba.

Muna zaune a Umdurman ne, a ƙasar Sudan, a wani matsattsen lungu da raksha biyu, wato adaidaita-sahu, ba sa iya gifta juna. Gidana ne kaɗai mai ɗaki a sama a layin. Da zan gina ɗakin, ban bari magini ya fitar da taga ta ɓangaren titi ba, domin gidan da ke fuskantar nawa na wani dattijo ne, malamin da ya karantar da rabin unguwar, ni ma a gabansa na sauke. Katangarsa gajera ce, kuma a tsakar gidan nan iyalinsa suke wuni. Nan ake girki, nan ake kitso, nan ake shan iska idan zafi ya matsa. Ba wanda ya ce mini kada in sa taga. Abu ne da kowa ya sani.

A ƙofar gidana akwai randuna uku na sabil, ruwan sha na masu wucewa, waɗanda mahaifiyata ta ajiye sadaka kafin ta rasu. Sau biyu masu raksha suna fasa mini randa garin juyawa, su kama gabansu ba ko sannu. Ni kuma ina da zuciya, ban iya ɓoyewa. Sai na kira abokina, wani mai aikin wayoyin lantarki a unguwar Alshajara, na ce ya zo ya kafa mini kyamara in ga mai wannan ɗanyen aiki. Ya zo da hantsi da tsaninsa, ya haye can ƙusurwar ɗakin sama ya ɗaure ta, ya ja waya zuwa wani ɗan akwati da ke ajiye bidiyon a falo, ya kuma haɗa ta da wayata. Ni ina ƙasa riƙe da tsani ina ba da umarni, don tsoron hawa nake yi tun ina yaro.

Da hoton ya bayyana a wayar sai na ga abin da ban zata ba. Ga randuna, ga titi, amma can sama ga tsakar gidan Malam a fili. Wato wurin da na ƙi sa taga, na je na kafa ido. Abokina ya yi dariya ya ce, "Ya zol, ma fi mushkila, ba matsala mutumina, kwantar da hankalinka. Wannan yanke shi ake yi." Ya shiga cikin saitin kyamarar, ya ja wani layi da yatsa, sai saman hoton ya ɓace. Abin da ya rage titi ne da gindin katangar Malam. Na duba, na sake dubawa, na ce madalla.

Bayan la'asar, muna fitowa daga masallaci, Malam ya riƙo hannuna a gaban mutane. Ya ce, "Ɗana, wannan ido da ka kafa a sama, ina yake kallo?"

Da ma na shirya. Na zaro waya da alfaharin wanda ya san zamani, na ce, "Allah ya gafarta Malam, duba da kanka." Ya gyara tabarau ya duba, mutane suka leƙo ta kafaɗarsa. Maimakon in tsaya nan, sai bakina ya zarce: "Wallahi tallahi, ko bulo ɗaya ba ta gani a bayan katangarka."

Ya dube ni ya ce, "Ba sai ka rantse ba. Maganarka ta ishe ni." Ya saki hannuna ya wuce gida.

Aka yi mako biyar lafiya lau. Ran nan da tsakar rana sai na ji ƙarar da na sani, randa ta uku ta tafi. Na fito da gudu, mai rakshar ya riga ya sha kwana. Na ce yau dai ka kamu. Hoton waya ƙarami ne, lamba ba ta fita, saboda haka na haɗa akwatin da talabijin, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo shi. Jerin bidiyo ya fito. Da yake ban iya ba, sai na danna na farko a jerin, ashe na ranar da aka kafa kyamarar ne.

Jama'a, hoton ya cika talabijin ɗin tun daga sama har ƙasa. Ga katangar, ga bayanta. Ga igiyar shanya, ga gadon angarib a gindin bango, ga ƙofar ɗakin Hajiya matar Malam. Ban san lokacin da na fizge wayar wutar daga bango ba. Na zauna a ƙasa ina salati. Mako biyar! Mako biyar wannan abu yana naɗar tsakar gidan mutumin da ya koya mini alif, ni kuwa ina gaishe shi kullum da rantsuwata a wuya. Zancen mai raksha tuni ya fita daga kaina.

Na kira abokina, na ce duk abin da yake yi ya ajiye ya zo. Ya ce ba zai yiwu ba, shi da hannunsa ya yanke. Da ya iso ya yi ta danne-danne a kwamfutarsa, sai na ga ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya yi mini bayani cewa kyamarar hoto biyu take aikawa: ƙarami zuwa waya, babba zuwa akwati. Yankan da ya yi ƙaramin kawai ya kama, babban kuwa yana nan yadda yake, duk da saitin yana nuna an yanke duka. Laifin manhajar da ke cikin kyamarar ne, in ji shi, kuma maganinsa tahdis, wato a sauko da sabuwar manhaja daga kamfanin a ɗora mata.

Nan muka shiga wahala. Shafin kamfanin ba ya buɗuwa daga Sudan. Abokina ya roƙi wani ɗan'uwansa da ke Jidda ya sauko mana da ita ya turo. Ya turo, kyamara ta ƙi karɓa, ashe lambar samfurinmu tana da wani harafi a ƙarshe da ya bambanta ta da waccan. Ya sake turo wata, wannan ta shiga. Kyamara ta mutu na minti goma, ina addu'a kamar wanda aka shiga da ɗansa tiyata, sannan ta farfaɗo. Muka duba saiti, wurin yanke hoton ma ya ɓace gaba ɗaya. Abokina ya rubuta wa kamfanin wasiƙa. Bayan kwana huɗu suka amsa cikin ladabi: sun gode, amma sun daina kula da wannan samfurin, suna ba mu shawara mu sayi sabo.

Duk wannan lokacin kyamarar a kashe take, in ban da sa'ar gwaji, shi ma sai mun rufa mata safa a ido. To me nake ta gyarawa? Yanzu na san amsar. So nake in gyara ta, rantsuwar da na yi mako biyar baya ta koma gaskiya. Wautar da na yi ke nan.

Abokina ya ce, "Ka goge akwatin kawai, halas, shi ke nan. Wa ya gani? Kai ma ba ka kalla ba." Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta zauna mini. Amma sai na fara sallah a sahun baya, in sallame in sulale kafin Malam ya juyo. Ran Juma'a Hajiya ta aiko mana da kisra, wato shimfiɗaɗɗiyar wainar dawa, da miyar kuɓewa kamar yadda ta saba, na ɗauki loma na mayar, na ture kwanon. Matata ta zuba mini ido, sannan ta ce, "Abban yara, kai ba kyamara kake gyarawa ba, Malam kake gudu. Ni ma mace ce. Da ni aka yi wa haka, zan so a faɗa mini ko da zan yi kuka."

Washegari da safe, kwana na tara, na ɗauki akwatin a hammata na tsallaka titi. Taku bakwai ne tsakanin ƙofata da tasa, amma sai da na tsaya sau biyu. Na same shi a zaure yana shan jabana, gahawarsa ta safe. Na durƙusa, na ajiye akwatin a gabansa, na faɗa masa komai, har da gudun da nake yi a masallaci.

Malam ya ajiye ɗan kofinsa. Ya dubi akwatin da ke gabansa. Can ya ce, "Ka kalla?"

Na ce, "Ƙiftawar ido ɗaya, Allah ya gafarta Malam, na kashe. Ban ga mutum ba."

"Wani ya kalla?"

"Ko abokin nawa ban bari ba. Ga shi nan, a ba ni guduma in farfasa shi a gabanka."

Ya girgiza kai. Ya ce, "In ka fasa, zuciyata za ta yi ta saƙa abin da ke ciki har in mutu, kuma ba zan iya kallonka kamar da ba. Ba ni da haƙƙi a nan, kai ma ba ka da shi. Na mata ne. Su je su duba, abin da suka yanke shi ke nan."

Haka aka yi. Na haɗa musu akwatin a falona, na nuna wa matata abin da za ta danna, na fito na ja ƙofa. Hajiya ta shiga da surukarta, matar ɗanta, ko kallona ba ta yi ba. Ni da Malam muka zauna a benci kusa da fasasshiyar randa. Yana jan carbi, ni ina lissafin unguwar da zan koma da iyalina, domin na riga na yanke cewa idan an ga abin da bai kamata ba, ba ni da fuskar zama a lungun nan.

Wajen rabin sa'a muna haka, sai muka ji dariya. Ta matata na fara ganewa, sannan ta surukar, har da tafi. Malam ya dube ni, na dube shi. Ƙofa ta buɗe, Hajiya ta fito tana gyara lulluɓi, ta ce mu shigo mu ga abin da muke ta jimami a kai.

Bidiyon farko, wanda na kashe da sauri, tsakar gida ce ba kowa sai kaza. Ashe tun da Hajiya ta hango mutum a kan tsani ta kora kowa ɗaki. Can sai ga Malam da kansa ya zo ya miƙe a kan angarib, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana fifita da hula. Da yamma, bayan la'asar, sai ga Hajiya da surukarta, a lulluɓe tun daga kai har ƙafa, suna jan sanduna da tabarmi. Ta tsaya ta harari kyamarar, harara mai kyau, sannan suka kafa rumfa tun daga kan katanga har bakin ɗakuna. Daga nan kuma, duk inda matata ta danna, tabarma ce. Mako na biyu tabarma, mako na biyar tabarma. Wani lokaci kurciya ta sauka a kai ta tashi.

Malam ya buɗe baki ya ce, "Ashe rumfar nan ba don rana kika yi ta ba? Ai na faɗa miki yaron nan ya rantse."

Ta ce, "Ka faɗa, na kuma ce to. Shi na yarda da shi, a hannuna ya girma. Abin da ya maƙala a bango ne ban san iyayensa ba."

Ni dai na zauna a hannun kujera ina dariya, hawaye na zuba. Ban taɓa jin sanyi a zuciya irin na ranar ba. Malam ya dafa kaina ya ce ba kaffara a kaina, tunda abin da na ɗauka gaskiya ne na rantse a kai. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ɗana, kada ka sake rantsewa a madadin na'ura. Ka rantse a kan abin da kai ka yi."

Matata ta goge akwatin a gaban Hajiya. Gyaran da kamfani ya kasa, wani mai ƙera gwangwani a kasuwar Umdurman ya yi mana shi cikin minti ashirin. Ya yanko farin ƙarfe ya lanƙwasa shi kamar bakin hular hana-sallah, abokina ya ɗaure shi a goshin kyamarar, saman hoton ya zama baƙi a waya da akwati duka. Wannan karon ni na hau tsanin da kaina, duk da tsoron hawan da nake yi, na tabbatar. Mai raksha kuwa har yau ban san ko wane ne ba, na dai sayi sabuwar randa.

Tun daga lokacin, idan allo ya nuna mini abu, sai in tambayi kaina me aka yanke a gefe. Kuma na daina saurin kawo sunan Allah a kan abin da wani ya saita mini. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne, taku bakwai ɗin nan da na yi kwana tara ina gudu su ne suka fi komai sauƙi a cikin lamarin.

Bayan an ɗaure ƙarfen na tsallaka na yi sallama, na ce wa Hajiya yanzu tana iya kwance rumfarta, ido ya rufu. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta zubo mini shayi. Har muka bar unguwar, tabarmar nan tana nan inda ta ɗaure ta.