Malam Kin-Gani da Ƙafar Babana

Duk wadda ta zauna ajin Hausa a makarantarmu ta 'yan mata da ke Tudun Wada ta san Malam Yusha'u ba ya karanta waƙa sai ya shinshina ta. Za ki miƙa masa takardarki hannu bibbiyu, ya tura tabarau saman goshi, ya kai ta hanci ya ja numfashi kamar mai sayen daddawa. In ya ce, "Hm, akwai hayaƙi," to kin tsira, zai karanta. In kuwa ya ce, "Wannan ƙamshin littafin wani take yi," sai ki fara neman hanyar kujerarki. Daga nan sai tambayar da ta zame masa suna: "Abin nan da kika rubuta, kin gani da idonki?" Wasu har muka gama ba su san sunansa na yanka ba, Malam Kin-Gani kawai suka sani.

Ku da kuka ce in rubuta wani abu a kansa tunda Allah ya karɓi abinsa, kun san ƙanin Innata ne, ciki ɗaya. To kada wata ta ce na sha daɗi. Ranar farko da na shiga ajinsa na durƙusa na ce, "Ina kwana, Kawu." Sai ya waiwaya bayansa, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Wa ta zo da kawunta aji? A fitar da shi, ba mu da kujerar baƙi."

Kun tuna ƙa'idarsa: duk shekara yakan zaɓi waƙoƙi uku na 'yan ajin ƙarshe a karanta ranar yaye ɗalibai, gaban iyaye. Ni kuwa wannan zaɓen ya fi min komai. Babana manomin shinkafa ne, bai taɓa taka ƙofar makarantarmu ba. Ba ya hana karatu, amma ya ce shi da damina ba zai bar fadama ya je ya zauna a benci yana tafa wa 'ya'yan wasu ba. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce, "In za a kira sunanki, Uwata, zan zo. In ba za a kira ba, ki gaishe min da su." Lissafi ba na ja, Turanci sai a hankali. Hanya ɗaya ce ta rage a kira sunana, ita ce ta hannun Kawu, kuma shekara uku na yi ina bin ta.

Waƙata ta farko a kan teku na yi ta. Na zuba mata igiyar ruwa da jirage da wani farin tsuntsu da na gani a jikin kalanda. Baiti goma sha biyu, amsa-amo bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ya shinshina, ya yi atishawar ƙarya.

"Rakiya, yaushe kika dawo daga teku? Ba a gaya mana kin yi tafiya ba."

"Ban je ba, Malam."

"Wane ruwa ne mafi girma da kika taɓa gani?"

"Dam ɗin Tiga, ta tagar mota."

"Wanda kika taɓa tsoma ƙafa a ciki fa?"

Wata daga baya ta ce, "Kududdufin bayan gidansu."

"Madalla. Kududdufi yana da kwaɗi, yana da gansakuka, yana da takalmin wani wari ɗaya. Teku ki bar wa masu shi."

Bai rubuta min komai a takardar ba. Akwai wani ɗan kwali a aljihunsa da ya rubuta wa "Je ki gani ki dawo" tun kafin mu shigo makarantar. Ɗaga miki shi kawai yake yi ya mayar, wai jan biro ba ya tsirowa a gona. Haka alli. Gwangwanin madara yake yawo da shi, cike da guntayen da sauran malamai suka yar. Rannan wani guntu kamar ƙwayar wake ya suɓuce masa ya gangara, ya tsayar da darasi, aji guda muka sunkuya muna nema. Wata ta ce, "Malam, ai ya ƙare." Ya ce, "Da sauran baiti guda a jikinsa."

Ranar da ya zo koya mana karin waƙa kuwa, ya cika allo da zane-zanen gaɓa mai nauyi da marar nauyi, mu kuwa muna kallonsa kamar yana Larabci. Ajinmu katanga ɗaya ce ta raba shi da wani gida, sai ga mata biyu sun fara daka a ciki. Ya jefa allin a gwangwani.

"Ku rufe ido, manyan malamai sun iso. Duk saukar taɓarya, ku buga tebur da yatsa."

Muna cikin haka Shugabar makaranta ta leƙo, ta ga 'yan mata idanu rufe suna ƙwanƙwasa tebur.

"Malam Yusha'u, yau barci ake koyarwa?"

"A yi haƙuri, ranki ya daɗe, ta biyun ta karya kari." Ya zura kai ta taga ya ɗaga murya, "Baiwar Allah, kin yi sauri, jira 'yar'uwarki."

Dakan ya tsaya. Daga bayan katanga aka ce, "Malam, in ka iya zo ka karɓa."

Wallahi har Shugaba sai da ta rufe baki da mayafi. Amma ni daga ranar na gane kari, kuma har gobe in ina daka sai in ji kaina ina ƙirga.

Ita ma Shugabar ba ta tsira ba. Da za a yi manyan baƙi daga Kano, ta zauna da kanta ta tsara waƙar maraba, ta kawo masa har aji ta ce ya koya mana. Ya karanta, ya tsaya a baiti na uku, inda ta ce famfo na kwarara, lambu ya yi shar.

"Ranki ya daɗe, wane famfon?"

Kun san famfon tuƙa-tuƙan nan ya mutu tun muna ƙaramar sakandare, daga gida muke zuwa da ruwa a gora.

"Haba Malam, ai salo ne. Kambamawa, kai ka koya musu."

"Kambamawa ita ce famfo yana ɗiga a ce yana kwarara. Namu ko ɗiga ba ya yi. Ba zan sa yara su rera wannan da busasshen maƙogwaro ba."

Ashe baitin nan ta fi so a duk waƙar. Kwana uku sai ga masu gyara. Malam ya je da kansa ya tuƙa, ya tara hannu ya sha, ya goge gemu ya ce, "To, rabin baitin ya tsaya." Lambun dai sai cire shi aka yi.

Ni kuwa ina ta shan kwali. Na yi waƙar farin wata, ya ce a wace rana na tsaya na kalle shi. Na yi ta zaki, ya ce in kawo gashin. Na yi ta kishin ƙasa, ya ce wace unguwar. Har kuka na kai wa Inna, na ce ta yi masa magana.

Ta ce, "Yusha'u? Ai tun yana yaro in ana mana tatsuniya sai ya ce wa ya gani. Shi ya sa kakarku ta daina."

Saura mako uku a yaye mu, sunan mutum biyu ya riga ya fita, ɗaya ya rage. Rannan Baba ya dawo daga dashe gab da magariba, na kawo masa buta, ya ce in zuba masa don hannunsa duk taɓo. Ina zubawa ya kai ga wanke ƙafa, sai na ga dugadugansa. Faso ya tsattsaga su kamar ƙasar fadama da rani, laka ta shige ciki ta zauna, wani wurin har da jini-jini. Shekara nawa ina kawo butar nan, ban taɓa kallo ba. Na idar da salla na ɗauki biro.

Wannan karon Kawu ya karanta har ƙarshe. Ya ɗago.

"Wacce ta fi faso, ta dama ko ta hagu?"

Ban sani ba. Ya ɗaga kwali.

Washegari na dawo da gudu na ce ta hagu ce. Ya ce, "Me ya sa?" Ya sake ɗagawa.

Ranar Asabar na karɓi kai wa Baba kunu gona, na zauna a kan kunyar gona ina kallo. Ashe duk fegin da zai shiga, ƙafar hagu yake fara tsomawa, ya lalubi ƙasan ruwa da ita. In da ƙaya ko fasasshiyar kwalba, ita ke fara samu, sannan ta daman ta biyo. Ya lura da ni ya ce, "Uwata, lafiya kwana biyun nan kike bin ƙafata da kallo? Ko sayar da ita za a yi?" Na ce babu komai. Na koma na rushe waƙar na sake gini. Ga baitin da na fi tunawa:

Ƙafar hagu ta Baba ta fi tsagewa,
Ita ke riga ga taɓo wurin dasawa,
Ta taka ƙaya ba ta fasa takawa,
Mu ko muna inuwa, namu haɗiyewa.

Kawu ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu. Da la'asar sai ga ƙarar kekensa a ƙofar gidanmu. Baba na zaune a tabarma. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya Audu, miƙo ƙafarka."

"Yusha'u, karatun ne ya kai ka haka? Yau ƙafata za a yi wa jarrabawa?"

"Ɗalibata ta kawo magana, na zo in tabbatar."

"Ka zo ka taya ni dashe wuni ɗaya mana, sai ka samu taka ka yi ta dubawa."

Inna daga madafa ta ce, "Baban Rakiya, ka miƙa masa, in ba haka ba nan zai kwana, tuwon kuma ba zai isa ba."

Baba ya miƙe ƙafafu yana dariya. Kawu ya durƙusa da farar rigarsa, ya sauko da tabarau, ya ɗaga ta dama ya ajiye, ya ɗaga ta hagu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ta hagun ce." Ya hau kekensa ya tafi. Ranar Litinin na ga sunana a jikin allon sanarwa.

Baba ya cika alkawari. Ya zo da rigarsa ta salla da takalmi sau-ciki, ya zauna a layi na biyu, bai san abin da zan karanta ba. Ina faɗin layin farko wuri ya kwashe da dariya, na ga yana jan ƙafafunsa ƙarƙashin benci. Na tsaya. Daga gefe Kawu ya ce a hankali, "Ci gaba, Rakiya." Na ci gaba. Kafin in kai baiti na uku an yi tsit. Wani dattijo da ke kusa da Baba ya zare takalminsa yana duba nasa diddigen.

Muka dawo gida tare da Baba. Sai da ya cire takalmin nan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Uwata, kin tona min asiri gaban Tudun Wada kaf." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Sake karanto min wajen ƙayar nan, hayaniya ta hana ni ji da kyau."

Ina cikin karantawa Kawu ya yi sallama, ya zo cin tuwon yayarsa. Na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, ta yi?"

"Baiti na huɗu yana ɗingishi."

Baba ya ce, "Bar mata abinta, mai ƙafar ma haka yake tafiya."

Yau ina da 'ya'ya a sakandare, ban zama marubuciya ba, tukunya da tsintsiya ne aikina, amma ban ƙara zuba wa wani ruwa ba tare da na dube shi ba. Ranar da aka kai Kawu, Baba da tsufansa ya ƙi hawa babur, ya ce da ƙafa zai raka shi. Da suka dawo ya zauna kusa da Inna, ya ce, "Duk tsawon rayuwata, mutum ɗaya ne ya taɓa durƙusawa ya riƙe ƙafata a hannunsa."

Allah ya jiƙan Kawu Yusha'u, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya sa abin da ya koya mana ya bi shi da lada, ya ba Inna haƙurin rashin ƙaninta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.