Dodannin da Muka Goge Kafin Mu Bar Gari

Fina-finai goma sha biyar ne a wayata, duka na dodo ɗaya, wani ƙaton ƙadangare mai tafiya a tsaye da yake fitowa daga teku ya tattake biranen Japan. Na Baba ne. Ƙanena ne ya zuba masa su a zakira, ɗan katin ajiyar da ake sa wa waya, kafin ya tafi aiki ƙasar waje. Da yake wayar Baba mai maɓallai ce, sai aka sa katin a tawa. Tun daga ranar na zama mai sinimar gidanmu ba da son raina ba.

Baba ya shafe shekaru yana gadin ƙofar ruwa a tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakin ƙauyenmu, kudu da Hajj Abdalla. Yana saurayi ya taɓa ganin biyu daga cikin fina-finan nan a sinimar Wad Madani, kuma bai daina ba da labarinsu ba har ya yi furfura. In na dawo daga makarantar da nake koyarwa, bayan la'asar zai jawo gadon igiya ƙarƙashin darbejiya ya ce, "Uwata, kawo mana dodon." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Da farko nakan karanta masa fassarar Larabcin da ke ƙasan hoton, sai ya hana ni. Ya ce ya san abin da suke faɗa: wannan yana cewa a gudu, wancan yana cewa a tsaya.

Da yaƙi ya iso Madani, muka ga mutane suna wucewa ta hanyar bakin tur'a da kaya a kai, wasu a amalanken jaki, wasu a ƙafa. Aka ce mu ma mu shirya. Wani direban lori ɗan garinmu ya yi alkawarin zai dawo ya kwashe mu zuwa kudu, wajen Damazin, inda ƙanwar Baba take aure. Ya ce jibi. Jibin ya zo ya wuce.

Ban taɓa ganin mako irin wannan ba. Inna ta ɗaure kaya da safe, ta kwance su da rana don neman ludayi, ta sake ɗaurewa. Baba ya je bakin tur'a ya dawo, ya zauna, ya miƙe, ya koma. Ni kuwa duk ƙarar inji da na ji sai na leƙa waje. Wuta ta ɗauke tun tuni, sai dai a kai waya caji wurin faifan hasken rana na masallaci, a bi layi.

A rana ta biyu na ce bari in ɗauki hoton takardunmu, ko da za su ɓata a hanya: takardar hawasha, wato gonar da Baba yake riƙe da ita a cikin tsarin noman rani, takardun haihuwa, da shaidar karatuna. Ina cikin ɗauka wayar ta ce babu wuri.

Na same shi a tsaye a ƙofar gida. Na ce, "Baba, sai an goge wasu daga cikin dodannin nan."

Na zaci zai yi faɗa, sai na ga ya zauna, karon farko a ranar. Ya ce in riƙa nuna masa su ɗaya bayan ɗaya.

Na farkon da ya yanke wa hukunci bai ba shi wahala ba. "Wanga goge shi. Faci ne. Sun yanko tsofaffin faɗace-faɗace sun liƙa, suka ce wai mafarki ne wani yake yi. Sun ɗauka ba mu da ido." Ya haɗa da na biyu a jerin, mai baƙi da fari, wanda ya ce an yi shi da gaggawa don an ga na farko ya karɓu, dodannin suna kokawa kamar zakaru. Biyun nan sun ishe ni takardunmu har da saura.

Amma maƙwabciyarmu ta gan ni ina ɗaukar hoto a tsakar gida. Kafin azahar labari ya zaga. Mata suka fara shigowa da takardu a cikin leda, a cikin gwangwanin alewa, wata a naɗe a tsohon zane. "Ustaza, don Allah a ɗaukar mini nawa." Shugaban makarantarmu ya zo da kansa, da rajistocin ɗalibai na shekara da shekaru a cikin buhu. Na yini ina buɗe shafi ina ɗauka, kunnena yana hanya.

Ranar muka ƙara goge uku. Na tsibirin da ake faɗa da ƙatuwar dabbar ruwa mai hannuwa irin na ƙaguwa, Baba ya ce dodon ya shafe rabin fim yana barci, ba a yi masa adalci ba. Sai biyu na can ƙarshen jerin, waɗanda ya ce in ka duba da kyau za ka ga rigar dodon ta tsufa tana zubewa, kamar buhun da aka yi damina uku ana amfani da shi.

Kashegari abin ya canja. Wata dattijuwa da mijinta ya rasu, telar unguwarmu, ta zo ba takarda a hannunta. Ta ce so take in bi ta gida in ɗauki ɗakinta a bidiyo. Na bi ta. Ta tsaya gaban keken ɗinkinta ta faɗi sunanta da sunan mahaifinta, ta nuna gado, ta nuna kwanonin da ke jere a kabad, ta fita ta nuna itacen lemon tsamin da ta shuka. Ba ta yi kuka ba, magana take yi da sauri kamar mai ba da saƙo ga motar da za ta tashi. Bayan ita wasu suka ce su ma haka. Maza suka ja ni zuwa gona in ɗauki iyakokinsu, daga wannan ƙaramar magudana zuwa waccan bishiya. Bidiyo kuwa cin wuri gare shi. Na dawo gida da ƙura har gwiwa na ce, "Baba, sai an ƙara."

Daga nan zaɓin ya yi masa nauyi. Akwai wanda dodon yake faɗa da ƙaton biri, ɗaya daga cikin biyun da ya gani a Madani. Ya daɗe yana kallon hotonsa kafin ya ce, "Dariya ce kawai a cikinsa, kuma na riga na yi ta. Goge." Akwai na dodon ƙazanta, wanda ya taso daga dattin da masana'antu suke zubawa a teku. Wannan ni ban taɓa son sa ba, waƙe-waƙe da zane-zane sun cika shi. Baba ya ce mahaukaci ne ya shirya shi, amma mahaukaci mai gaskiya, domin shi Baba ya ga shekarun da jirgin feshi yake bi ta kan auduga, da safe a tarar da kifi sun taso fari fat a tur'a. Duk da haka muka goge shi. Na mutanen wata duniya masu zuwa aron dodo ya bi shi, haka wanda aka tara dodanni duka a wuri ɗaya kamar ranar kasuwa. Biyun da aka ƙera dodon ƙarfe mai kama da shi su ne suka fi ba shi ciwo, musamman na farkonsu. Ya ce, "Kai, wanga akwai faɗa," ya juya kai na danna.

Saura huɗu. Na farko mai baƙi da fari, wanda gwajin bam ya tayar da dodon daga ƙarƙashin teku. Na ƙaton malam-buɗe-littafi da ƙwansa da guguwa ta kawo bakin ruwa. Na macijin sama mai kai uku, inda dodannin da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai suka kore shi. Sai wanda dodon ya sami ɗa, wani mummunan abu mai kama da ƙullin kwaɓaɓɓen gari, yana koya masa hura wuta.

A rana ta biyar limamin ƙauye ya aiko a ɗauki littattafan da kakanninsa suka zo da su daga yamma, rubutun hannu, shafi ɗaya-ɗaya. Dole ɗaya ya sake tafiya. Ban ma tambaya ba, na kai yatsa kan na ɗan dodon.

"Mi za ki yi?"

"Wannan ai wasan yara ne, Baba."

"Bar shi. Goge na farko."

Na dube shi. Shekara uku yana faɗa mini cewa wannan ne uban sauran, duk wanda bai gan shi ba bai ga komai ba. Na ce, "Baba, shi ne fa ka ce ya fi duka."

"Ya fi duka. Amma ki tuna abin da ke ciki. Mata da goyo suna gudu da ƙunshi a kai, asibiti cike har ƙasa, uwa ta rungume 'ya'yanta a gindin bango. Wanga in ina son ganinsa, bakin tur'a zan tafi in tsaya." Ya miƙe yana neman takalminsa. "Goge, Uwata."

Na goge. Har yau in wani ya tambaye ni wanne zai fara gani, shi nake cewa, in dai hankalinsa a kwance yake.

Lorin ya zo da hantsin rana ta shida. Mun cika shi har kan ƙarfe, muka yi kwana biyu a hanyar da a da ake yi a wuni ɗaya. Wayar tana ɗaure a cikin zanena, ban kunna ta ba sai da muka sauka.

Ƙauyen Gwaggo yana kusa da Roseires, tsallaken kogi daga Damazin, noman damina suke yi, babu tur'a babu ƙofar ruwa. Mu goma sha wani abu a ɗakuna biyu. Baba ya rasa abin yi da kansa. Da sassafe zai kama hanya zuwa bakin kogi, ya dawo da rana tsaka, ya tambaya ko an ji labarin gida, ya sake fita. Ya rame. In aka ba shi shayi a tsaye yake sha.

Matan gidan ne suka karɓe fina-finan. Sun ƙaunaci na malam-buɗe-littafi saboda wasu 'yan mata biyu 'yan mitsi-mitsi da ke rera masa waƙa, har Gwaggo ta riƙa kwaikwayon muryarsu tana tankaɗe. Na mai kai uku kuwa mijinta ne ya riƙe shi, ya ce a kai wa shugabannin ƙasa su gani. Baba ba ya iya zama ya ƙare ko ɗaya. Sai dai wani lokaci, bayan la'asar, yakan ce in kai masa na ɗan dodon can wajen ƙarshe, inda ƙanƙara take zuba a tsibirin, ɗan ya faɗi ya kasa tafiya, uban ya juyo ya dawo ya ɗauke shi. Minti biyar ne ko ƙasa da haka. Ya gani, ya miƙo mini wayar, ya ɗauki sandarsa.

Mun fi shekara a can. Na samu wata makaranta ina taimakawa, rabin ajin 'ya'yan masu gudun hijira irinmu. Da aka ce hanya ta buɗe, Baba bai jira kowa ba, ya bi motar farko tare da wasu maza huɗu na garinmu. Ni da Inna aka ce mu dakata har a gama zangon karatu.

Bayan kwana tara ya kira ta wayar wani. Muryarsa tana yankewa. Ya ce an cire ƙofar gidan da kwanon rufin ɗaki ɗaya, amma bango yana nan. Tur'a ta cika da ciyawa da laka, sun shiga da fartanya da hannu suna yashewa, shi ne yake nuna musu inda za a fara. Na ce akwai mai zuba fina-finai a kasuwar Damazin, ko in nemo masa waɗanda muka goge? Ya ce ba yanzu ba, ba shi da lokacin zama. Ya ce in karɓo irin dawa wurin Gwaggo, mai saurin nuna, in taho da shi kafin ruwa ya iso.

Gwaggo ta auna mini a tsohon buhun sukari, na ɗinke bakinsa. Sauran makonni ukun zangon nan, kullum in na tashi daga makaranta sai na bi ta tasha na tambayi direbobi yadda hanya take.