Tulun Khal na Sabriya

A unguwarsu ta bakin kogi a Bagadaza, kowa ya san turshin Sabriya, wadda ake kira Ummu Kusayy. Tun tana budurwa take jiƙa kokwamba da karas a khal, wato ruwan tsamin dabino, tana sayarwa. Daɗin kuwa daga tulu ɗaya yake, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Ba a taɓa bari ya ƙare ba, in ta ɗiba sai ta ƙara dabino, tsohon ruwan ya tsima sabon.

Mijinta Jabbar tsohon direban bas ne, zaman gida ya ishe shi. Ya ga wani mai surutu a waya, ya shigo yana washe baki.

"Ummu Kusayy, ashe kakanninmu ne suka fara lantarki! An tono batirinsu. Tulu, jan ƙarfe, ƙusa, ruwan tsami, shi ke nan."

"Sannu, jikan masu wuta. To ina wayar da suka ja? An tono tulu, an kasa tono fitila ko ɗaya?"

"Ke ba ki da kishin ƙasa."

"Kishin fanka nake yi. Tun safe aka ɗauke wuta."

Ya gwada da khal ɗin kanti, ƙwan fitila ko ƙyaftawa bai yi ba. Maimakon ya saduda, sai ya ce laifin khal ɗin zamani ne. Ta ji maganar, ba ta kawo komai a ranta ba, ta tafi ta'aziyya Karbala ta kwana biyu.

Wari ne ya tarbe ta tun daga ƙofa. Ga tulun uwarta a tsakar gida, an liƙe bakinsa da kwalta, wayoyi sun fito. Ta fasa kwaltar da wuƙa. Ruwan ya koma kore shar, yana ƙarnin tsatsa.

"Amma allurar mita ta motsa, wallahi! Da idona na gani," in ji Jabbar.

Ko kallonsa ba ta yi ba, don ƙyamarsa take ji. Ta tuttular da ruwan a kwata.

Har yau Jabbar yana ba da labarin allurar a teburin mai shayi. Ita kuwa khal ɗin kanti take saya. Wata tsohuwar maƙwabciya da ta san mahaifiyarta ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce, "Sabriya, wannan ba hannun gidanku ba ne."