Ruwan Gindin Gawo a Labarin Jatau

Jatau Gado ɗan Ajuma, mai tufkar igiya a kasuwar Dogon Dutsi, na san shi a shekarar 1941, tun ban iya rubuta sunana ba. Yanzu da na iya, na ga ya cancanci a rubuta nasa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Yakan zauna da damin kaba a gabansa, hannu na murza, baki na zuba. Labarinsa guda ne: yadda a ƙuruciyarsa ya tsere daga aikin tilas na hanyar mota, ya yanki daji ya nufi wajen Dogon Kiriya. Sai dai labarin ba ya zama yadda aka bar shi. Yau gardin kumandan, wato dogaran Bature mai mulkin yankin, su biyu ne suka bi shi, ya kayar da su. Kasuwa mai zuwa sun zama ayarin mahaya. Wani lokaci ma doguwa ce, aljanar daji, ta rufe shi da zanenta. A tsakiya kuwa kullum akwai wani kwari mai jan yashi, inda ƙishirwa ta sa ya rarrafa zuwa gindin wani gawo, ya tona da hannu, ya sha. Mutane su yi dariya, su sayi igiya, su wuce.

Wata shekara damina ta gaza, rijiyoyi suka ja baya tun kafin bazara. Shanun Buba, makiyayin da ya saba sayen igiyar guga a wurin Jatau, suka fara kwanciya. Buba ya tuna kwarin nan. In gaskiya ne, garkensa ya tsira. In ƙarya ce, tafiyar za ta ƙarasa su, domin ba su da ƙarfin komowa.

Ya durƙusa ya ce, "Baba Jatau, don Allah, ruwan nan yana nan?"

"Yana nan mana! A nan na wanke jinin mutum bakwai daga hannuna."

 Buba ya juya wurin Baturiya, matar Jatau, wadda ke sayar da ƙuli-ƙuli a gefe. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ta ce, "Bakwai? Bara uku ne! Ɗan Fulani, ba ka iya sauraron maigida ba. In yana yabon kansa, sai ka tankaɗe. Amma gawon nan, tun aurenmu bai taɓa gusar da shi ba. Kuma kai ka duba: Jatau ne zai ƙago wa kansa rarrafe?"

Jatau ya ce, "Ke, ba rarrafe ba ne, dabarar yaƙi ce."

Buba ya gyara zama ya tambaye shi irin tambayar makiyaya: wace ciyawa ce a bakin kwarin, ta ina dutsen yake in rana ta fito, ruwan yana da kanwa ko babu. Cikin amsa, gardin suka ƙaru, dawakinsu suka sauya launi. Ciyawar da dutsen da yashin ba su motsa ba.

Buba ya kora garkensa arewa. Tsofaffin shanu kaɗan suka faɗi a hanya. Ya tarar da gawon ya bushe rabi, shi da 'yan'uwansa suka tona gindinsa har zuwa ƙugu, yashi ya yi sanyi, ruwa ya tsattsafo. A can suka ci bazara.

Da ruwa ya sauka, Buba ya kawo wa Baturiya ƙwaryar man shanu, ya ce ita ce mai fassara. Jatau bai ji haushi ba ko kaɗan. Tun daga ranar labarin ya sami sabon reshe: wai doguwa ce ta ce masa ya sha kaɗan, ya rage wa shanun Buba. Buba kansa, in yana kusa, yakan gyaɗa kai ya ce haka aka yi.

Ganina da shi na ƙarshe, yana tufka yana dariya, ran 8 ga watan Maris, 1957.