Hoton Mama da Tulun Aro

Hoto ɗaya tak mahaifiyata ta bari a duniya, kuma ba na rataye shi a bango. Yana ƙasan akwatina, a kife. In baƙo ya nace sai ya gani ina nuna masa, amma sai na fara ba shi labarin Baturen da ya ɗauka da kawuna da ya yi masa tafinta, don kada ya tafi da abin da wana ya tafi da shi.

A shekarun hamsin ne, kafin a samu 'yancin kai, ina goyon 'yata ta fari. Wana yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, ya daɗe bai zo Lafia ba. Ta hannun wani ɗan unguwarmu mai aikin jirgin ƙasa ya aiko wa Mama atamfa shuɗiya da ɗankwali da takalmi mai maɗauri, takalmin farko da ta taɓa mallaka. Ya haɗa da roƙo guda: yana so ya ga hotonta sanye da su. Mama ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Sai dai mai hoton da muka sani daga Makurɗi yake zuwa, shi ma sai da Kirsimeti, ga shi tari ya fara cin ƙarfinta tun farkon damina.

Ana cikin haka Kawu ya faɗo gidanmu da yamma, baki har kunne. Ƙanen Mama ne, masinja a wani ofis, yana da gajeren wando na kaki da Turancin da bai cika cokali ba, amma in ya ga farar fata jikinsa har rawa yake. Wani Bature ne ya sauka a bariki, malamin wata kwaleji daga can arewa. Da ya samu hutu, maimakon ya huta kamar kowane mai hankali, sai ya riƙa bin tsofaffin hotunan da 'yan'uwansa suka ɗauka lokacin shimfiɗa hanyar jirgi, yana sake ɗaukar kowanne a inda aka ɗauke shi, da irin kamarar wancan zamanin. Kawu ya zaro ɗaya cikin tsofaffin hotunan daga aljihu: 'yan mata uku ne a bakin rafin Amba, ƙarƙashin giginya, kowacce da tulu a ka. Fuskar kowacce ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ya dangwala yatsa a kan ta tsakiya, ya ce wa Mama, "Yaya, kai ne wannan! Na gaya ma masta, sista na ne, ba wani ba. Zai ɗauke ka foto, ka aika ma yaronka."

Mama ta kai hoton kusa da ido, ta nisanta shi. Ta ce, "Ni ban tuna ba. Amma in zai ɗauke ni da kayan yarona, mu je."

Har yau ban yarda ita ce ba. Kawu yana neman abin da zai sa Bature ya riƙe sunansa ne, ya duba bai ga kaza ko doya da za ta yi ba, sai ya miƙa yayarsa.

Ranar da aka sa, Mama ta yi wanka, ta shafa man kaɗe, ta ɗaura atamfar, ta kafa ɗankwali. Takalmin a hannu ta riƙe har bakin rafi don kada laka ta ɓata shi, a can ta zauna kan dutse na ɗaura mata. Rabin unguwa sun biyo mu, kowa da kayan coci, domin mu a saninmu hoto ado ake yi masa.

Muka tarar da Baturen ya kafa akwatin hotonsa a kan ƙafa uku, mai wuya kamar zugazugin maƙeri. Ya kwance wani ƙunshi a hankali, ya fito da idon kamarar, gilashi mai kauri a cikin zoben tagulla, yana hura masa iska yana shafawa, yadda ban taɓa ganin namiji ya lallaɓa ɗansa ba. Kawu ya juyo ya yi mana bayani, ƙirji a gaba: idon nan sa'an na Baturen da ya ɗauki tsohon hoton ne, in aka sa na zamani hoton zai yi ƙarya. Ka ji masu gudun ƙarya! Aka kori matan da suka zo ɗiban ruwa da garwa, wai garwa ba ta cikin tarihi. Tulun ma sai da Kawu ya taka keke har Arikya ya aro, domin wanda muke da shi a gida bakinsa bai yi daidai da na hoton ba. Sannan muka tsaya a rana muna jiran inuwar giginya ta kwanta inda ta kwanta a tsohon hoto.

Baturen ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya daɗe, ya fito yana yamutsa fuska. Sai a lokacin ya dubi Mama da idonsa na Allah. Ya yi magana, Kawu ya gyaɗa kai tun bai gama ba.

"Masta ya ce kayan nan ya yi sabo da yawa. A cire ɗankwali, a cire takalmi. Ga zane."

Zanen da ya miƙo tsohon saƙi ne, duk faci, wanda na san matarsa tana rufe kullun kunu da shi.

Na ce, "Kawu, matar da ke jagorantar mata a coci za ka tsayar ba ɗankwali a gaban jama'a?"

Ya ce, "Rufe baki! Me ka sani a kan histori? Biyu za a ɗauka. A yi na masta, sai a yi na Yaya da kayansa."

Raina ya ɓaci. Na ce wa Mama mu tafi gida. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Biyu ya ce." Muka zaga bayan ciyawa ta canza. Ta ninke atamfar da ɗankwalin, ta ɗora takalmin a kai, ta miƙo mini. Ta ce, "Riƙe da kyau, kada ya taɓa ƙasa."

Baturen bai yarda da tulun a wofi ba. Wai wuyan mace mai ɗauke da ruwa daban yake, kuma idon nan yana gani. Aka cika shi, Kawu da kansa ya ɗora mata. Irin wannan kamara ba ƙyas take yi a gama ba. Faifan gilashi ake zura mata, a cire murfin idon, kowa ya sandare har sai an mayar. Ina tsaye daga gefe, ina kallon maƙogwaronta yana kokawa da tari, ruwa yana bin bayanta. Ba ta motsa ba. Da ya mayar da murfin ya tafa hannu, don kansa ya tafa.

Na biyun kuwa, haske ya gudu, in ji shi. Kuma faifan da suka rage na kasuwa ne da na tasha. Gobe. Da goben ta zo yana wajen Ashige yana neman wata bishiyar ɗorawa da aka sare tun ina cikin zane. Daga nan ya hau jirgi.

Hoton ya zo ta hannun Kawu, bayan ya gama zaga gari da shi. Ba zan hana idon nan haƙƙinsa ba, ya gani. Ya ga kaushin ƙafarta tsaga-tsaga, ya ga ƙashin wuyanta, da furfura, da kowane faci na saƙin kullu. Mama ta dube shi, ta kife shi a kan tabarma. Ta ce, "Kada a aika masa. Za mu jira Kirsimeti." Ba ta kai Kirsimeti ba. A lokacin kaka ta tafi, muka binne ta da atamfar da ɗankwalin.

Wana ya iso bayan an share makoki. Bai gama shan ruwa ba Kawu ya shiga ɗakin Mama ya ɗauko hoton, ya danƙa masa, yana cewa a ƙasar Turawa ma za a rataye irinsa. Wana ya duba, ya sake dubawa. Ya ɗago ya ce mini, "Haka kuka bar ta? Ina kayan da na aiko?"

Na ba shi labarin tun daga keken Arikya. Na ɗauko takalmin ya zama shaida, ashe na ƙara wa kaina ne, domin ƙasansa fes yake, ko ƙwarzane babu. Ya juya shi, ya ce, "Ko sau ɗaya ba ku bari ta taka ba." Kawu da ya iya bayanin ido da tagulla ya tuna yana da aike a ofis.

A gefen hagu na hoton, can ƙasa a kan yashi, akwai wata inuwa da Baturen bai lura da ita ba, duk da jiran inuwar da ya sa muka yi. Tawa ce, da goyo a baya, hannuna a miƙe da kaya. Na nuna wa wana, na ce ga atamfarka nan, ga takalmin a kai. Ya ce inuwa ce kawai. Ya sa takalmin a jakarsa, ya bar mini hoton, kuma bai ƙara cin abinci a gidana ba.