Harsasan Baba da Ba Sa Kisa

Jiya ina kwashe kayan ɗakin surukina a Umarari, Allah ya jiƙansa, na ci karo da gwangwanin harsasansa. Maharbi ne, da hannunsa yake sake cika kwanson harsashi. Bayan la'asar yakan zauna kan tabarma, warin albarushi na tashi, yana ɗura shi kaɗan-kaɗan kamar mai sa gishiri a miya.

Wata rana na ce, "Baba, ai wannan ya yi kaɗan."

Ya yi dariya. "'Yata, ƙarar kaɗai ta isa."

Na ɗauka wasa ne. Jiya da mijina ya ɓare guda ɗaya daga gwangwanin, sai ga tsumma. Na biyu ma tsumma, na uku tsumma, babu ko ƙwayar dalma.

Innalillahi! Ashe da waɗannan ya riƙa raka mu gona a shekarun tashin hankali, yana gaba, muna baya da goyo, hankalinmu kwance!

Har yanzu na rasa fushi zan yi ko kuka. Ya Allah, yadda ya ji tsoron zubar da jinin bayinka, Ka sanyaya masa kabarinsa.